In An Miƙo Maka Abin Magana

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 

Ana zaune a wajen walima, ko taron iyaye da malamai, ko zaman 'yan unguwa kan gyaran rijiyar burtsatse, sai mai gabatarwa ya ce, "Malam wane, ko za ka tofa albarkacin bakinka?" Ya miƙo abin magana. Mutumin nan kuwa shi ke riƙe da hira a majalisar ƙofar gidansu tun daga la'asar har kiran magariba. Amma yana miƙewa sai gabansa ya faɗi, yawu ya ƙafe, takarda ta kama rawa a hannunsa. Ya yi gaisuwa, ya ƙara gaisuwa, ya ce shi dai ba shi da ta cewa illa godiya, ya zauna. Sai a hanyar gida maganar za ta dawo masa tiryan-tiryan.

Abin yana damuna, domin sau da yawa mai shirun nan shi ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. Ya yi shiru, an yanke shawara ba da iliminsa ba, unguwa ta yi asara.

Mun tashi ana gaya mana yaro ba ya tsoma baki a maganar manya, ba ya ɗaga ido ya kalli babba. Kunya ado ce, ban musa ba. Sai dai kunya daban, tsoro daban, mu kuwa mun haɗa su a ƙwarya ɗaya mun ba yara sun sha. Ranar da yaron ya girma aka ce tashi ka yi bayani, ina zai samo harshen da ba a taɓa barinsa ya motsa ba?

Wanda gabansa ke faɗuwa ya kwantar da hankalinsa. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna: ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, wanda ya fi shi fasahar magana. Nauyin baki bai hana shi zuwa ba.

(KIƊA)

Mu leƙa Bauchi a farkon shekarun 1940. A Makarantar Midil ta garin akwai malamai biyu, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, ga kuma Malam Sa'adu Zungur a cikin gari. Su da wasu ma'aikata da 'yan boko suka riƙa zama a wata majalisar taɗi. A ɗauko batu guda, mulki ne ko ilimi, a ba mutum dama ya faɗi ra'ayinsa, wani ya tashi ya ja da shi, a gaban manyan gari da Turawan mulki. Tattaunawar ta yi zafi har hukuma ta kasa jurewa, majalisar ba ta yi tsawon rai ba.

Amma ku dubi abin da ta bari. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar dokokin Arewa a Kaduna, ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da mutane da yawa ke tsoron furtawa a lokacin. Bayan shekara goma shi ne ya yi jawabin karɓar 'yancin kai a Legas, ranar 1 ga Oktoba 1960, mutumin da ake wa laƙabi da mai muryar zinariya. Malam Aminu kuwa ya ɗauki maganarsa ya kai ta kasuwa da ƙauye a ƙarƙashin jam'iyyar NEPU, da Hausar da mai faskare da mai tallan fura za su gane. Muryarsu ba iri ɗaya ba ce, siyasarsu ma ta rabu. Abin da ya haɗa su shi ne alli da allo, da shekarun da suka yi suna magana ana ƙure su, suna komawa suna sake shiri.

Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, shi ma daga aji ya fito. Waɗanda suka ji shi a ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a 2017, sun san idanunsa sun riga sun tafi, ba takarda a hannunsa. Duk da haka zai ɗauko tarihi ya jera, ya sako karin magana daidai inda take, ya yi ƙasa da murya har zaure ya yi tsit, sannan ya ɗaga. Abin da zai faɗa ya riga ya zauna masa a ƙirji.

A nan nake ganin yawancinmu muke kuskure. Muna damuwa da yadda za mu tsaya da inda za mu sa hannu, alhali ba mu tantance abin da muka zo faɗa ba. Kafin ka tashi, tambayi kanka: in mutanen nan sun watse, wace magana guda nake so su tafi da ita? In ba za ka iya gaya wa mahaifiyarka ita cikin numfashi biyu ta gane ba, to ba ta nuna ba tukuna. Ka riƙe jimlarka ta farko kamar yadda ka riƙe sunanka, domin minti na farko shi ne mai wuya. Ka ja numfashi kafin ka buɗe baki. Ka gai da manya gaisuwa guda mai kyau ka wuce, kada jerin sarautu ya cinye maka lokaci. Mai rawar murya yakan yi sauri don ya tsira, saurin kuwa shi ke tona shi. Ka ja maganarka a hankali, kada ka ji tsoron ɗan shiru tsakanin magana da magana.

Shawo kan mutane kuma wani abu ne dabam da burge su. Ana iya tafa maka a tashi ba wanda ya sauya ra'ayi. Mutum yana bin maganarka ne in ya ga ka san halin da yake ciki, ba ka raina shi ba, ba ka kuma yi masa ƙari. In kana neman a haɗa kuɗin burtsatse, faɗi nawa ake sayen jarkar ruwa a unguwar yau, ka lissafa na wata guda. In akwai mai ja da kai, kawo hujjarsa da bakinka cikin mutunci kafin ka amsa ta. Kada ka zagi kowa. Magana zarar bunu ce, a zamanin wayar hannu kuma ana naɗe ta.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, shirin nan naku ne. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya tana tsayawa a dandalin siyasa tun shekarun 1950, ta sha duka da ɗauri a kan haka, a lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a. Sai a 1979 suka kaɗa ta a babban zaɓen ƙasa. In kina da abin faɗa a taron makarantar 'ya'yanki, ki miƙe.

(KIƊA)

Roƙona ga malaman makaranta, na boko da na Islamiyya: ku farfaɗo da muhawara, ku ba yaron da ke ɓuya a bayan aji minti biyu a gaban allo. Iyaye kuma, in yaro yana ba da labari, a bar shi ya kai ƙarshe. Kai kuma mai saurarona, a wannan makon ka ɗauki wayarka ka naɗi muryarka na minti uku kan abin da ka sani sosai, ka saurara, ka gyara, ka sake. In an miƙo maka abin magana a taro na gaba, ka karɓa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.