Abin da ke sa agogon kwamfutar tafi-da-gidanka ya rikice da yadda ake gyara shi

Mai shagon buga takardu a garin Zoza da ke Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, na iya kunna kwamfutarsa da safe domin ciro wa ɗalibi takardar JAMB ko biya wa ma'aikaci kuɗi ta Remita, sai shafin ya ƙi buɗewa, alhali akwai data kuma sabis bai ɗauke ba. Sau da yawa laifin na ɗan agogon nan ne da ke kusurwar allo, wanda ya koma wata shekarar da ta shuɗe.

A birnin Kano mai irin wannan matsala zai iya leƙawa Titin Beirut ko Farm Centre ya sami mai gyara nan take. Daga Rogo kuwa, wadda ke can bakin iyakar Kano da jihohin Katsina da Kaduna, tafiya ce da ke cin kuɗin mota da yini guda. Sanin wurin bugu shi ne ƙira: yanayin kuskuren da agogon ke yi shi ke bayyana inda matsalar take, kuma galibinta ana magance ta ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba.

Me ya haɗa agogo da buɗe shafi?

Kowane shafin banki ko na hukuma yana ɗauke da wata shaidar tsaro mai ranar fara aiki da ranar ƙarewa. Manhajar shiga intanet, kamar Chrome, tana gwada waɗannan ranaku da agogon kwamfutar. Idan agogon ya ce ana 2012 ne, sai ta ɗauka shaidar ba ta fara aiki ba tukuna, ta toshe shafin, ta fito da gargaɗin "Your clock is behind", wato agogon yana baya.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Duk takardar da aka adana da rasitin da manhaja ta fitar za su ɗauki kwanan wata na bogi. Ɗan kasuwar da ke rubuta bashin abokan ciniki a kwamfuta, ko ma'aikacin da ke son nuna cewa ya kammala rahoto kafin cikar wa'adi, na iya rasa hujjarsa a ranar da aka yi gardama. Ta haka allura ke tono garma.

Idan bambancin na cikakkun sa'o'i ne

Matuƙar mintoci sun yi daidai amma sa'a ta kauce, to an saita kwamfutar ne a kan lokacin wata ƙasa. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka.

Najeriya da Nijar suna gaban lokacin GMT da sa'a ɗaya, kuma ba sa sauya agogo duk shekara. Birtaniya kuwa tana matsar da nata gaba da sa'a ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Saboda haka kwamfutar da ta zo da saitin Landan za ta yi daidai da lokacin Najeriya tsawon wata bakwai, sannan a ƙarshen Oktoba ta koma baya da sa'a guda ba zato ba tsammani. Wadda ke kan lokacin yammacin Amurka tana baya da sa'a takwas ko tara.

A Windows 10 da 11 ana shiga Settings, sai Time & language, sai Date & time, a zaɓi "West Central Africa" a gurbin Time zone. Gyara sa'ar da hannu ba tare da sauya yankin ba aikin banza ne, domin da zarar kwamfutar ta hau intanet za ta mayar da kuskuren.

Idan 'yan mintoci ne ke zamewa

Agogon cikin kwamfuta yana ƙirga lokaci ne da wani ɗan ƙanƙanen dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, kuma zafi ko tsufa kan sa ya ɗan yi sauri ko jinkiri. Windows kan daidaita shi lokaci-lokaci ta intanet. Kwamfutar da ke yin makonni ba ta hau intanet ba, kamar ta shagon da aikinsa buga takardu kawai, kuskurenta taruwa yake yi. Maganin shi ne a haɗa ta da intanet ko da ta wayar salula ce, a kunna "Set time automatically" a wancan shafin, sannan a danna "Sync now".

Idan shekara ce ke komawa baya

Wannan ita ce alamar mutuwar batirin agogo, wanda masu gyara ke kira batirin CMOS. Ɗan ƙarami ne mai siffar kwabo da ke maƙale a jikin allon cikin kwamfuta, aikinsa shi ne raya agogo a lokacin da aka kashe ta. Wanda aka fi amfani da shi shi ne CR2032, mai ƙarfin bolt 3 da faɗin milimita 20. Yana yin shekaru yana aiki, amma ya fi saurin ƙarewa idan babban batirin ya mutu kuma kwamfutar na daɗewa babu wuta, domin a lokacin nauyin duka a kansa yake. Kwamfutar hannu ma tun kafin ta iso an riga an ci rabin ransa.

Gwajin ba shi da wahala. A saita lokaci daidai, a kashe kwamfutar, a zare caja, a bar ta ta kwana. Idan da safe ta koma tsohuwar shekara, to batirin ne. Ana iya tabbatarwa ta duba kwanan wata a shafin BIOS, wanda ake shiga da maɓallin F2 a Dell, F10 a HP, ko F1 a Lenovo ThinkPad, daidai lokacin kunnawa.

Sauya shi kuwa yana buƙatar hattara. A kwamfutoci da yawa batirin a naɗe yake cikin roba da 'yan wayoyi biyu, don haka na agogon hannu da ake sayarwa tsirara ba zai shiga kai-tsaye ba. Wasu ƙanana ne fiye da CR2032, wasu sababbin kwamfutoci kuma ba su da shi sam, babban batirin ne ke riƙe agogon. Wanda bai saba buɗe kwamfuta ba gara ya kai wa mai gyara, ya kuma faɗa masa sakamakon gwajin. Idan mai gyara ya ce sai an goge Windows an sake zuba wata, a yi tambaya sosai, domin hakan ba ya raya mataccen batiri, kuma takardun da ba a kwafe ba suna iya salwanta.

Wani ruɗanin kuma na tsarin rubutu ne. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, don haka 03/04/2025 a wurinsu 4 ga Maris ce, a Najeriya kuwa 3 ga Afrilu. Ana gyara wannan a sashen Region, a zaɓi tsarin Najeriya ko na Birtaniya.

Masu sayen kwamfutar hannu a birni domin aika wa 'yan uwa ko ɗalibai a garuruwa irin su Zoza da Karaye za su rage musu wahala idan suka duba yankin lokaci, suka yi gwajin kwana ɗaya, suka kuma sa a sauya batirin agogon tun kayan suna hannun mai sayarwa.