Gorar Ƙarfe a Matsayin Tukunyar Matafiyi: Bayani kan Tafasa Ruwan Sha a Dokar Daji

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake amfani da gorar ƙarfe mara tsatsa wajen tafasa ruwan sha a inda babu tukunya balle famfo. An fayyace irin gorar da ta dace da wadda ke da haɗari, da matakan aikin, da kuma gurɓatar da tafasawa ba ta kawarwa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ruwa shi ne shugaban guzuri. Fatake da mahajjatan ƙasa da mafarauta duk ba sa barin gida sai da goran duma ko salka, har aka samu karin maganar nan mai cewa, “ba a fafe gora ranar tafiya.” Sai dai waɗannan mazubai na gargajiya aikinsu adana ruwa ne kurum, ba a ɗora su a wuta. Idan ruwan guzuri ya ƙare, dole matafiyi ya koma ga kududdufi ko tafki ko tsohuwar rijiya, inda dabba da mutum ke tarayya. A nan ne ake kwasar kwalara da taifot da atini. A da ma har da kurkunu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya da Nijar a shekarar 2013, amma har yau ba ta bar Chadi ba. Fifikon gorar ƙarfe shi ne ta haɗa aiki biyu: ita ce mazubi, ita ce tukunya.

2.0 Gorar da ta Dace da Wadda ba ta Dace ba

Ƙarfe mara tsatsa, wanda ake danganta samuwarsa ga Harry Brearley na birnin Shefil a Ingila a shekarar 1913, gami ne na baƙin ƙarfe da wasu ma’adinai. Nau’in da aka fi ƙera kayan abinci da shi, mai lamba 304, yana ɗauke da kimanin kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,400 a ma’aunin Selshiyos. Bugu da ƙari, muddin akwai ruwa a ciki, ruwan ne ke shanye zafin wutar, don haka jikin gorar ba ya yin nisa da zafin ruwan. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗora gora a wuta babu kome a cikinta.

Sharaɗi na farko shi ne gorar ta kasance mai bango ɗaya. Filas ɗin shayi, wanda asalinsa ƙirƙirar James Dewar ce a 1892, bango biyu gare shi, kuma an zuƙe iskar da ke tsakaninsu domin hana zafi ratsawa. Wanda ya sa shi a wuta ya yi asara biyu: ruwan ba zai tafasa da wuri ba, kuma bangon waje na iya lanƙwashewa ko fashewa. Haka nan a guji gorar sanholo, domin galibi ana shafe cikinta da wani siririn rufi na roba wanda wuta ke lalatawa. Mazubin da aka dalaye da tutiya, irin bokitin kwano, da gwangwanin da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, su ma ba abin dafa ruwan sha ba ne.

3.0 Matakan Tafasawa

Da farko a tace ruwan da tsumma mai tsabta ko gefen rawani da aka ninka. Idan ya yi kauri da laka, a bar shi ya kwanta, ko a taimaka masa da ɗan alif ko dakakken ƙwayar zogale. Tacewa tana rage dauɗa ne kawai, ba ta maye gurbin wuta.

Sannan a zuba ruwan, a bar sarari kamar faɗin yatsu uku daga baki, domin kada ya yi bori ya kashe wutar. Abu mafi muhimmanci shi ne a cire murfi gaba ɗaya. Ruwan da ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa kusan sau 1,700, saboda haka gorar da aka toshe aka ɗora a wuta tana iya tarwatsewa ta watsa wa mai ita tafasasshen ruwa.

Garwashi ya fi harshen wuta dacewa da wannan aiki, don zafinsa a daidaice yake kuma hayaƙinsa kaɗan ne. A girke gorar a tsaye tsakanin duwatsu uku kamar murhu, a tara garwashi kewaye da ita. Kada a ɗauko duwatsun daga cikin rafi, domin danshin da ke cikinsu kan sa su fashe.

Ƙananan kumfan da ke fara tasowa daga gindin gora ba tafasa ba ne. Tafasar da ake nufi ita ce wadda ruwa ke juyawa yana ɓararraka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar a bar shi a haka minti 1, ko minti 3 a wurin da tudunsa ya haura kimanin mita 2,000. Dalili kuwa shi ne ruwa na tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, amma yana raguwa da kusan digiri 1 a duk hawan mita 300. A Jos, alal misali, yakan tafasa a wajen digiri 96. Wurare kaɗan ne a yankinmu suka kai wancan tudun, irin ƙololuwar duwatsun Bagzan a ƙasar Azbin da dutsen Chappal Waddi a Jihar Taraba.

A sauke gorar da sanduna biyu ko tsumma busasshe. A ɗauraye bakinta da murfinta da ɗan ruwan zafin, domin ɗanyen ruwa kan maƙale a zaren murfi ya mayar da aikin baya. Sai a bar shi ya huce a rufe.

4.0 Abin da Wuta ba ta Iyawa

Hausawa na cewa “ruwa ba ya tsami banza,” kuma ba kowane tsami ne wuta ke magani ba. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa, amma ba ta cire gishiri ko kanwa ko maganin feshi ko dalma. Hasali ma, yayin da tururi ke fita, abin da ya narke a ruwan ƙara taruwa yake yi. Gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta isa gargaɗi ga mai ɗiban ruwa kusa da wurin wanke zinariya. Ruwan da ke warin mai, ko wanda aka ga matattun kifaye a kansa, barinsa ya fi.

5.0 Kammalawa

Wannan ilimi ya shafi makiyayi da mai haƙar ma’adinai da direban da motarsa ta lalace tsakanin Agadas da Dirku, har da ɗalibin da ya shiga ƙauyukan nesa tattara bayanai. Gora mai bango ɗaya, da murfi a cire, da cikakken minti guda na ɓararraka, su ne ginshiƙan aikin. Ya kamata kuma mai niyyar tafiya ya duba gorarsa, ya gwada ta a murhun gida, tun kafin ƙishirwa ta tilasta masa gwada ta a daji.