Yadda ake ɗaure kwale-kwale a gaɓar kogin Jega

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Jega, yana kumbura sosai a watan Agusta da Satumba. A lokacin ne ɗaurin kwale-kwale ke zama babban lamari ga masunta da masu fito.

Abu na farko shi ne turke. A samu itace mai tauri kamar ƙirya, a kafa shi da zurfi a ƙasa mai ƙarfi, ya ɗan karkata ya juya wa ruwa baya. Turken da aka soka a yashi, ruwa na zaizayewa zai tumɓuke.

Igiyar nailan ta fi ta rama jure jiƙa, tana kuma miƙewa idan igiyar ruwa ta fizgi jirgi. A ɗaure goshi da gindi duka, a bar wa igiyar sarari, domin ruwa kan ƙaru cikin dare. Igiya gajera sai ta danne goshin jirgin har ya sha ruwa.

Inda aka yi dandamalin siminti, ƙarfe mai ƙaho biyu da ake naɗa igiya a kai ya fi turke. A zaɓi wanda tsatsa ba ta ci, mai girma daidai da kaurin igiya, a ɗaure shi da noti, ƙusa ba ta riƙewa.