Ciki Ba Shi Ne Mazaunin Haƙuri Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya shiga kasuwar Talatar Mafara ya ga buhunan shinkafa jibge, lalle ya kamata ya tuna yadda aka same ta. Bayan farin 1973 aka soma gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, aka gama a 1978, aka ja ruwa zuwa gonakin Mafara da Bakura da Maradun. Manoma da yawa sun rasa gonakinsu na gado, kuma cikin watan Afrilu na 1980 an yi hasarar rayuka sa'ad da suka tashi neman diyya. Watau wannan shinkafa da tsada aka saye ta. To, 'yan'uwa Musulmi, yaya muke riƙon ta, ita da sauran abincin da Allah Ya hore mana?

Mun lura da wata ɗabi'a a gidajenmu. Yaro ya yi kuka, sai a toshe masa baki da alewa. Ya ƙi zuwa makarantar allo, sai a yi masa alkawarin biskit. Ta haka yakan tashi da zaton cewa kowane ɓacin rai maganinsa a baki yake, kowane aikin kirki kuma ladansa a kwano. Ran da ya zama ɗan kasuwa ko ma'aikaci, in ciniki ya yi kyau sai tsire da lemun kwalba, in ya faɗi kuma sai tsire da lemun kwalba. Ba yunwa ke sa shi ci ba, zuciyarsa ce ba a koya mata wata mafaka ba. Likitoci kuwa sun daɗe suna gargaɗi cewa ƙiba tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Addini bai hana mu daɗi ba. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ɓarna kaɗai ta hana. Hadisin da Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba ya koya mana kasa ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Imamu Gazali ma, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya keɓe babi a cikin Ihya'u a kan karya sha'awar ciki, domin yana ganin daga nan sauran sha'awoyi ke tsirowa.

Amma fa lallashi da abinci yana da gurbinsa a Sunna. Sa'ad da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umurni a dafa wa iyalinsa abinci, sabo da baƙin ciki ya shagaltar da su. Nana A'isha kuma takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na sha'ir. A duba da kyau: abincin lallashi shi ne wanda kake ɗauka ka kai wa wani. Mu kuwa mun juya al'amarin, har gidan mamaci ne ke ɗora tukunya domin masu ta'aziyya.

Sabo da haka muna ba da shawara uku. Yaro in ya yi abin kirki a sa masa albarka a gaban mutane, in ya yi kuka a saurare shi. Babba in ransa ya ɓaci ya yi alwala, ya yi salla, ya nemi ɗan'uwa su zanta, ya bar kwano sai yunwa ta zo. Kason da ya rage kuwa yana da masu shi, domin a ƙasar Zamfara 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa da ƙauyukansu da gonakinsu, ga marayu ga gwauraye. Loma ɗaya da ta yi wa mai ƙoshi nauyi, ita ce abincin daren wani yaro.

Allah Ya ba mu wadar zuci, Ya kawo mana zaman lafiya, amin.