Ciwon Damuwa da Bangaskiya a Saboba: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita

Duk lokacin da wani ɗan coci a Saboba, a arewacin Gana, ya daina fitowa sujada, ya bar ciyawa ta cinye gonar doyarsa, ya koma zaman ɗaki ba ci ba barci, nan da nan maganganu ke tashi. Wani ya ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, wani ya ce hannu aka sa masa, wani kuma ya ce a kai shi sansanin addu'a domin asibiti ba ta san irin wannan ba. Haka ake faɗa a Yendi, haka a Salaga, haka a Bawku. Masu faɗa yawanci 'yan uwa ne da hankalinsu ya tashi, ba mugaye ba. Sai dai a cikin maganganun akwai tsaba akwai tsakuwa, kuma majinyaci ne ke taunawa idan ba a tsince ba.

Ciwon damuwa ya wuce ɓacin ran kwana biyu. Ma'aikatan lafiya suna kiransa ciwo idan mutum ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙunci, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci suka rikice, gajiya ta yi masa yawa, yana ganin kansa ba shi da amfani. A nan yankin da wuya mutum ya ce "ina baƙin ciki". Zai ce kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ko tunani ya yi masa yawa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi, wato wajen biyar cikin ɗari na manya, kuma ya fi kama mata, musamman masu ciki da masu jego.

Magana mafi yaɗuwa ita ce wai Kirista na ƙwarai ba ya kamuwa da wannan ciwo. Ba gaskiya ba ne, kuma Littafi Mai Tsarki da kansa ne ya ƙaryata ta. A 1 Sarakuna sura ta 19, annabi Iliya, wanda bai daɗe da cin nasara a Dutsen Karmel ba, ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Abin lura shi ne yadda aka bi da shi. Ba a fara masa da tsawa ba. An bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake ciyar da shi. Sai daga baya magana ta zo, tare da aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, kuma a ƙarshen littafin abokansa masu neman laifinsa ne aka tsawata wa. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare a duhu, amma ba a cire ta daga Littafin ba. Charles Spurgeon, shahararren mai wa'azin Baftis na Landan a ƙarni na 19, ya yi shekaru yana fama da wannan ciwo, yana kuma faɗa a fili a gaban jama'arsa. Abin da ya sa wannan jita-jita ke ci mini rai shi ne, jin laifi yana cikin alamomin ciwon. Mutumin da ya riga ya gaskata cewa Allah ya juya masa baya, idan dattijon ikilisiya ya ce masa "ɗan'uwa, bincika zunubinka," ya tabbatar masa da ƙaryar da ciwon ke raɗa masa ne.

Sai batun maita, wanda a ƙasar nan ya sha jawo zubar da jini. A watan Yulin 2020 aka kashe wata tsohuwa mai shekara 90 a Kafaba, kusa da Salaga, a bainar jama'a, bisa zargin maita. A Gnani da ke kusa da Yendi, da Kukuo da Gambaga, akwai matsugunan matan da aka kora daga gidajensu kan irin wannan zargi. Ga wani abu da ya kamata kowane fasto ya sani: Margaret Field, wadda ta yi bincike a wuraren tsafi na ƙasar Ashanti ta wallafa shi a 1960, ta gano cewa da yawa daga matan da ke zuwa da ƙafarsu suna cewa su mayu ne, ciwon damuwa mai tsanani ke damunsu. Idan ciwon ya yi nisa, yakan sa mutum ya ɗora wa kansa kowace mutuwa da kowace asara a gida. Don haka tsohuwar da ta ce "ni na jawo," wataƙila ba ikirari take yi ba, alamar ciwo take nunawa. Dalilan ciwon kuwa ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san yankin. Akwai waɗanda har yau ke ɗauke da abin da suka gani a yaƙin da aka yi a yankin a 1994, akwai waɗanda aka ƙone wa gida a rikicin Konkomba da Chokosi na 2018 zuwa 2019 a ɓangaren Chereponi da Saboba, ga Bawku da ta daɗe cikin dokar hana fita da ƙarar bindiga. A ƙara da ambaliyar kogin Oti, da bashi, da rashin haihuwa, da mutuwar miji, da gadon jini, domin ciwon yakan bi dangi.

Amma masu cewa addu'a tana taimako, gaskiya suka faɗa, kuma ba na son a rage wa wannan gaskiya nauyi. Ciwon damuwa yana raba mutum da jama'a, ikilisiya mai rai kuwa tana mayar da shi cikinsu. Zumuntar mata da ke zuwa gaida mai jego su yi mata shara da ɗebo ruwa, matasan da ke taya mutum noma, fasto da zai zauna ya saurara ba tare da gaggawar wa'azi ba, waƙar da mutum ya haddace tun yana yaro, duk waɗannan suna riƙe rai. Likitocin ƙwaƙwalwa da kansu suna ba majinyaci shawarar komawa cikin mutane da ƙananan ayyukan da ya saba. Inda gaskiyar ta ƙare shi ne inda aka ce addu'a kaɗai ta halatta, ko aka tilasta wa mara lafiya azumin kwanaki, ko aka ɗaure shi da sarƙa a gindin itace. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana irin wannan a sansanonin addu'a na Gana a rahotonta na 2012. A shekarar ce kuma aka kafa Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846, sannan a 2017 hukumar da dokar ta samar ta haramta ɗaure majinyata.

An ma gwada haɗa addu'a da magani. Angela Ofori-Atta ta Jami'ar Gana da abokan aikinta sun yi gwaji a sansanin Mount Horeb da ke Mamfe, aka wallafa a 2018. Waɗanda aka ba magani bisa addu'ar da ake musu sun fi samun sauƙi bayan mako shida. Yawancinsu masu taɓin hankali mai tsanani ne, ba ciwon damuwa zalla ba, kuma abin takaici maganin bai rage kwanakin da suke yi a sarƙa ba. Duk da haka gwajin ya nuna cewa ƙwaya ba ta kore addu'a.

Wata jita-jitar kuma ita ce wai shan magani rashin dogara ga Allah ne. A Saboba wannan magana ba ta da wurin tsayawa, tunda babban asibitin garin na ikilisiyar Assemblies of God ne, na Bawku na Presbyterian, na Nalerigu na Baftis. Ba wanda ke cewa mai zazzaɓin cizon sauro ya yi ridda don ya je can. Abin da ke gaskiya cikin tsoron mutane shi ne maganin ba ya aiki nan take. Amitriptyline ko fluoxetine kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji, na farkon yana kawo barci da bushewar baki, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an warke. Ba sa bugarwa, ba sa jawo jaraba irin ta tramadol, amma yanke su rana ɗaya, ko da bayan an yi shaidar warkarwa a coci, yakan dawo da ciwon. Mai ciwo mara tsanani sau da yawa ba ya ma buƙatar ƙwaya, tattaunawa da ƙwararre ta ishe shi.

Masu cewa babu kulawa sai a kudu sun faɗi rabin gaskiya. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna can, magani yakan yanke, kuma da damina ruwa na iya rufe gadar Kpalba ya raba Saboba da Yendi. Amma akwai nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin gundumomi, akwai sashe a Asibitin Koyarwa na Tamale, ƙungiyar BasicNeeds ta daɗe tana aiki a arewa, kuma daga Nuwambar 2024 aka sa ciwon damuwa cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa ke biya.

Batu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Iyalai kan ɓoye wanda ya yi yunƙurin kashe kansa don tsoron 'yan sanda. Da can tsoron yana da tushe, domin dokar laifuka ta 1960 ta ɗauki yunƙurin a matsayin laifi, amma majalisar dokoki ta soke wannan sashe a Maris 2023. Katikizim na Katolika na 1992 ma ya yarda cewa tsananin damuwa na iya rage alhakin wanda ya kashe kansa, kuma ikilisiya tana yi wa irin waɗannan addu'a. Ba gaskiya ba ne kuma cewa tambayar mutum ko yana tunanin mutuwa za ta sa masa tunanin. Yawanci sauƙi yake ji an tambaye shi. Idan ya amsa da eh, a kwashe maganin feshi na ciyawa da na ƙwari da igiya da bindigar farauta daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a yi addu'a tare da shi, a kuma kai shi asibiti a ranar, ba sai bayan sujadar Lahadi ba.