Kwamitin Makaranta: Ƙuri'a Wajen Zaɓe, Yarda Wajen Aiki

Ƴan uwa iyayen yara, da yawa daga cikinmu mun san kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES a Nijar, wanda daga baya aka sauya masa suna zuwa CGDES. A shekarar 2004 wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasar Japan ya soma ƙarfafa waɗannan kwamitoci a jahar Tahoua, kafin tsarin ya game ƙasa, har kwamitocin kowace komin suka haɗu cikin tarayya guda.

Abin lura shi ne hanya biyu ake bi. Wakilan iyaye da ƙuri'ar asiri ake zaɓensu, domin kada kunyar mai gari ko ta liman ta ɗaure wa mutum hannu. Amma tsarin aikin shekara, a babban taron gari ake shimfiɗa shi, a yi ta jan magana har a daidaita. Dalili kuwa a fili yake: kuɗin alli, da karan yin rumfa, da hannun da zai kafa ta, duk daga jama'a suke fitowa. Wanda aka kayar da rinjaye yakan koma gida da kuɗinsa a aljihu. Wanda aka shawo kansa shi ke fitowa da amalankensa.

Sai dai mu yi hattara. Sau da yawa dattawa uku ke magana, saura su yi shiru, sakatare ya rubuta cewa an amince. Iyaye mata kuwa, waɗanda suka fi kowa sanin dalilin da ke hana yarinya zuwa lakwal ranar kasuwa, suna can bayan taro a kan tabarma. A ganinmu, shugaban da bai juya ya tambaye su ba bai gama shawara ba.

Kuma akwai maganar da ba ta jiran kowa ya gamsu. A 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi, ta halaka yara kimanin 20 a Yamai, fiye da haka a Maraɗi. Ƙofar rumfa, da tazarar da ke tsakaninta da ƴar uwarta, da inda mai tuya za ta hura wuta, a yanke su tun zaman farko, kafin a shiga gardamar kuɗin bikin ƙarshen shekara.