Haruffa Masu Ƙugiya da Matsalar Ƙetare Iyaka a Rumbun Bayanai na Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1990 Norbert Cyffer da John Hutchison suka fitar da ƙamus na Barbarci, aikin da ke da alaƙa da Jami'ar Maiduguri. Mai son zuba irin wannan aiki, ko ƙamusun Bargery na 1934, cikin rumbun bayanai na kwamfuta, ya kamata ya san wani kuskure da ke iya gurɓata kalmomi ba tare da na'ura ta yi ƙorafi ba.

2.0 Tushen Matsalar

A tsarin UTF-8, harafi irin su a ko b yana cin gurbi ɗaya, wato bayit, amma ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, da ǝ na Barbarci, kowanne biyu yake ci. Kalmar "ƙwaƙwalwa" haruffa 9 ce, bayit 11. Manhajar da ta ƙirga haruffa kawai za ta nemi fili na 9, ta rubuta 11, ke nan ta ci iyakar maƙwabci.

Akwai manhajojin da aikinsu kama irin wannan ɓarna, kamar Valgrind wadda Julian Seward ya fitar a 2002. Sai dai rumbu irin PostgreSQL yana karɓar babban fili ne a dunƙule, sannan ya yanka shi fuloti-fuloti da kansa. Mai sa ido yana ganin ganuwar waje, ba ya ganin iyakokin ciki. Bugu da ƙari, rabon nasa ninki-ninki ne: 8, 16, 32. Wanda ya nemi 9 sai a ba shi 16, rarar ta haɗiye kuskuren, har ranar da wata kalma ta zarce rarar ta taka bayanin da ke kusa. A nan haɗarin yake, domin gwaji da kalmomin Ingilishi ba zai taɓa tono shi ba.

3.0 Gyara

Daga fitowa ta 9.4 a 2014, mai rabon fili na PostgreSQL yana iya sanar da Valgrind girman abin da aka nema, ya kuma haramta taɓa rarar. A lokacin gwaji akan dasa wata alama (0x7E) a ƙarshen fulotin. In aka tarar ta canza, an ƙetare iyaka. Duk da haka, mai sa ido ba ya kama kuskuren da gwaji bai tayar ba, don haka sai masana harshe sun ba masu gwaji jerin kalmomi masu ƙugiya da alamomin karin sauti.